Faɗin Bututu Dabam, Yawan Ruwa Dabam: Bayani a Kan Sayen Intanet na Gida

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne kuka biyu da aka kawo mini a cikin mako ɗaya, dukansu kuwa a kan abu guda, watau intanet da ake saye domin amfanin gida.

Na farko wani Alhaji ne mai sayen shinkafa shanshera a fadamar Rima yana aikawa Kano. Ya tafi Birnin Kebbi ya sayo 'yar na'urar nan da ake kira rawuta, wadda ake sa wa layi ta raba intanet ga wayoyin gida duka. A jikin kwalinta an rubuta 150, mai kanti kuwa ya ce masa gudunta ke nan. Ya biya kuɗin babban tsari na wata guda. Ran nan da magariba dillalinsa ya nemi ya aiko da bidiyon shinkafar domin mai saye ya gani a yanke farashi. Alhaji ya ɗauka ya tura, bidiyo ya tsaya yana juyi wuri ɗaya har dare ya raba. Kafin gari ya waye mai saye ya ƙulla ciniki da wani.

Na biyu wani malami ne mai makarantar allo. Ɗansa ya saya masa data giga 10 ta wata guda, domin ya riƙa sauraron karatu yana sauke littattafai. A kwana na tara aka aiko masa da saƙo cewa ta ƙare. Malam ya ce da ni, "Wannan ai tauye mudu ne. An ce wata, ga shi ko rabinsa ba a yi ba."

Kowannensu yana ganin an zalunce shi. Amma da na bi diddigi sai na tarar ciwon ba iri ɗaya ba ne. Alhaji yana da yawa, sauri ya rasa. Malam kuwa yana da sauri, kuma saurin nan shi ya cinye masa yawan. Saboda haka ku sani, mai sayen intanet awo uku yake saye a lokaci ɗaya: sauri, da yawa, da wa'adi. Yawa da wa'adi kamfani yana iya yi maka alkawarinsu ya cika. Sauri kuwa ba a saninsa sai an auna shi a cikin gidanka. Wanda ya biya kuɗi kafin ya auna ya sayi kifi a ruwa, Bakabe kuwa ya fi kowa sanin hukuncin irin wannan ciniki.

Fasali na farko: misali daga fadama

Manomin rani ba ya bukatar dogon bayani. Yana da duro cike da ruwa, yana da bututu, yana da fangali. Yawan ruwan da ke cikin duro shi ne data, abin da ake aunawa da mega da giga, giga ɗaya kuwa kimanin mega 1,000 ne. Faɗin bututu shi ne sauri, watau yawan abin da ke wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya. Bututu mai inci 3 ya fi mai inci 2 saurin cika fangali, kuma babu shakka ya fi shi saurin ƙarar da duro. Babban duro ba ya faɗaɗa bututu, faffaɗan bututu kuma ba ya ƙara ruwa ko ɗigo.

Akwai awo na huɗu ƙarami wanda ba a rubuta shi a talla, shi ne jinkiri, watau lokacin da ke tsakanin buɗe ruwa da isowarsa bakin fangali. Shi ne ke sa ka yi magana a kiran WhatsApp, abokin magana ya ji ka bayan ka riga ka shiga wata maganar. Ana auna shi da kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. In bai wuce 100 ba, magana tana tafiya lami lafiya.

Fasali na biyu: yadda ake karanta lissafin

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Ana auna sauri da megabit a daƙiƙa, shi ne ake rubutawa da haruffan boko Mbps. Data kuwa da megabait ake auna ta, shi ne megan da muka saba faɗi. Sunayen sun yi kama, amma megabit 8 ne suke yin megabait ɗaya, kamar yadda mudu da yawa suke yin buhu. To, duk lambar sauri da aka faɗa maka, ka raba ta gida 8, abin da ya fita shi ne megan da ke shigowa a daƙiƙa. Sauri 8 mega ɗaya ne a daƙiƙa. Abu mai nauyin giga ɗaya yana sauka cikin minti 13 da 'yan daƙiƙoƙi in sauri 10 ne, amma in sauri 2 ne sai ya haura awa ɗaya.

Har wa yau, sauri iri biyu ne. Akwai na saukewa, watau abin da ke zuwa maka, akwai kuma na turawa, abin da kake aikawa. Galibi na turawa ya fi ƙanƙanta nesa, kuma lambar da ake talla da ita ta saukewa ce. Mai kallo da mai sauraro saukewa suke yi. Amma ɗan kasuwa mai aika hoton haja, da malami mai aika karatu ga ɗalibansa na nesa, turawa suke yi, su kuwa ba a cika gaya musu nasu awon ba. Bidiyon Alhaji mega 60 ne, watau megabit 480. Da saurin turawarsa 5 ne, da ya tafi cikin minti ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Da muka auna a ɗakinsa da magariba sai muka tarar kashi ɗaya cikin biyar ne na megabit ɗaya, lissafinsa minti 40 ke nan, in sabis bai yanke ba. Ya kuwa yi ta yankewa.

Fasali na uku: inda ruwan yake fitowa

Ya kamata mai karatu ya san doguwar hanyar da saƙo ke bi kafin ya iso hannunsa. Mafi yawan abin da muke kallo da saurare daga ƙetare yana zuwa ne ta wayoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, suka fito a Legas. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, Equiano na kamfanin Google ya iso a 2022. A ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a teku kusa da gaɓar Kwaddibuwa, sai ga intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, bankuna ma suka ji a jikinsu. 

Daga Legas wayar gilashi ta biyo gefen hanyoyin mota a binne har Arewa, sa'an nan a miƙa saƙo ga turakun sadarwa, wani ta waya, wani ta faifan nan da kuke gani a maƙale a jikin turke yana fuskantar ɗan'uwansa. Jan wayar gilashi har cikin ɗaki abu ne da aka fi samu a manyan birane irin Legas da Abuja. Mu na ƙananan garuruwa, ta iska intanet yake shigo mana gida, daga turke zuwa waya ko rawuta.

Turakun nan ma hawa-hawa ne. Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta 2001, da irin da ake kira 2G, wanda ban-ruwansa na jigo ne, ya isa magana da gajeren saƙo. An ba da lasisin 3G a 2007. MTN da Glo sun buɗe 4G a 2016, shi ne injin ban-ruwa. MTN ya buɗe 5G a 2022, Airtel a 2023, a manyan birane suka fara. Harafin da ke fitowa a saman wayarka, ko E ko H ko 4G, shi yake gaya maka da wane irin turke take magana a wannan lokaci, E kuwa shi ne mafi rauni a cikinsu.

Fasali na huɗu: dalilin da 150 ba ta isa ɗakin Alhaji ba

Lambar da ke jikin kwali ba ƙarya ba ce, amma iyakar ƙarfin na'urar ce, in an ajiye ta kusa da turke babu mai tarayya da ita. Abubuwa uku suke rage ta.

Na ɗaya nisa. Masu sauraron rediyo sun san zango dabam-dabam ne, to haka turke yake. Ƙananan zanguna, irin megahaz 700 da 800 da 900, suna tafiya nesa kuma suna ratsa bango, amma kayan da suke ɗauka kaɗan ne. Manyan zanguna, irin 1,800 da 2,600, suna ɗaukar kaya da yawa, amma ba su yin nisa. Mutumin da ke gefen gari ko a ƙauye galibi ƙaramin zango ne yake isa gare shi.

Na biyu gini. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna tare saƙo. Alhaji ya ajiye rawutarsa ne a ƙuryar ɗaki bisa akwatin ƙarfe, domin kada yara su taɓa.

Na uku taro. Turke rijiya ɗaya ce, kowa a unguwa daga nan yake ja. Da asuba masu ja kaɗan ne, ruwa ya wadata. Daga magariba zuwa ƙarfe goma na dare kowa ya dawo gida ya kunna waya, sai rabon kowa ya ragu. Haka kuma ranar kasuwa, in baƙi sun cika gari. Shi ya sa alamar sabis takan cika sanda huɗu amma shafi ya ƙi buɗewa: sandunan nan ƙarfin muryar turke suke nunawa, ba su nuna yawan masu layi a bakinsa.

Fasali na biyar: abin da gida yake bukata

Kada mutum ya ruɗu da manyan lambobi. YouTube da kansa ya bayyana saurin da bidiyonsa yake nema: mai awon 360 yana son ƙasa da megabit ɗaya, mai 480 yana son ɗaya da ɗan ɗoriya, mai 720 biyu da rabi, mai 1080 biyar. Sauraron murya kaɗai, da saƙon rubutu, da tura kuɗi ta manhajar banki, duk ba su kai megabit ɗaya ba. Ka ƙidaya waɗanda za su yi aiki a lokaci ɗaya ka tara bukatunsu. Mutum biyu suna kallo a 720, ɗaya yana kiran bidiyo, maigida yana duba ko kuɗi sun shiga, duka ba su kai 10 ba. Wannan kuwa shi ne saurin da shirin Gwamnatin Tarayya na 2020 zuwa 2025 ya sa a gaba domin karkara, 10 ga ƙauyuka, 25 ga birane. Saboda haka sauri 10 mai tsayawa da magariba ya fi 50 da ba a ganinsa sai da tsakar dare.

Sai lissafin yawa. Awa ɗaya ta sauraron karatu murya zalla tana cin tsakanin mega 30 da 60. Wanda yake sauraro awa biyu kullum ba zai kai giga 4 a wata ba. Awa ɗaya ta bidiyo a 480 tana cin kusan rabin giga, a 720 giga ɗaya da ɗoriya, a 1080 fiye da giga biyu. Da na duba wayar Malam, a wurin da take nuna abin da kowace manhaja ta ci, sai na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, wa yake riƙe wayar nan in kun fita?" Ya ce jikokinsa. Ashe kullum sukan kalli bidiyo kamar awa ɗaya, da yake gidan yana kusa da turke sai manhajar ta zaɓi awon 720 da kanta. Giga ɗaya da ɗoriya sau tara, ga giga 10 ta tafi. Mudu bai tauye ba, ana ɗiba ne da babbar ƙwarya.

Fasali na shida: yadda za ka auna kafin ka biya

Gani ya kori ji. Ka nemi layin kowane kamfani da ke da sabis a garinku, ko ka ara na maƙwabci, ka sa masa ƙaramar data ta kwana ɗaya ko biyu. Ka buɗe Speedtest ko fast.com, za su nuna maka saukewa da turawa da jinkiri. Ka auna a ɗakin da za ka riƙa aiki, sa'an nan a bakin taga, sa'an nan a tsakar gida. Ka yi haka sau uku a yini, da hantsi da la'asar da bayan isha'i, ka haɗa da ranar kasuwa. Ka rubuta lambobin a takarda kamar yadda kake rubuta bashi. Awon kansa yana cin data, don haka kada a mayar da shi wasa. Abin da za ka dogara da shi shi ne lamba mafi ƙanƙanta a lokacin da ka fi bukata, domin ita ce za ka zauna da ita.

Kada kuma ka ɗauki shaidar mutumin Argungu ko Birnin Kebbi a kan layin da ya fi kyau. Gaskiya yake faɗi, amma gaskiyar turkensa ce. Ko a cikin Augie, unguwa da unguwa sukan bambanta.

In za ka sayi rawuta, ka tambayi mai kanti ko a kulle take da layin kamfani ɗaya, ko tana karɓar kowane layi. Ka tambaya ko tana da batir, ko za ta yi aiki da ƙaramin sola, domin wutar da take ci galibi ba ta wuce wat 12 ba. Kada ka biya kuɗin mai 5G sai ka ga harafin 5G da idonka a wayar wani a ƙofar gidanka. In ka kawo ta gida, ka ɗora ta sama kusa da tagar da ke fuskantar turke, nesa da ƙarfe, ka sa mata kalmar sirri, in ba haka ba samarin unguwa za su mayar da gindin katangarka majalisa.

Fasali na bakwai: sharuɗɗan ciniki

Ɗan kasuwa ba ya karɓar kaya sai ya ji sharaɗi. A watan Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100, don haka kula da sharaɗi ya ƙara zama wajibi. Farashi yana canzawa, ba zan rubuta shi nan ba. Tun 2023 aka haɗa lambobin kamfanoni duka suka zama iri ɗaya: *312# domin ganin tsare-tsaren data, *323# domin ganin abin da ya rage, 300 domin magana da kamfani. Wanda bai gamsu da amsar kamfani ba ya kira hukumar a 622, kyauta ne.

Ka raba kuɗin tsari da yawan gigarsa, ka san nawa giga ɗaya ta tsaya maka, kamar yadda kake fitar da kuɗin mudu daga kuɗin buhu. Babban tsari yakan fi araha a kowace giga, amma in wa'adi ya cika ba ka shanye ba, kuma ba ka sabunta a kan lokaci ba, ragowar takan tafi. Ka duba ko wani kaso na datar sai da tsakar dare yake aiki, ko sai a wata manhaja kaɗai. Ka duba ko tsarin yana sabunta kansa ya cire kuɗi daga layinka, in ba ka so ka kashe shi. Wanda kuma ake kira mara iyaka, ka tambayi sharaɗinsa da kyau, domin galibi akwai adadin da in ka kai shi za a ƙuntata maka bututu har ƙarshen wa'adi. Ruwa bai yanke ba, amma ya koma ɗigo.

Akwai wata hanya da ba ta bi ta turke, ita ce tauraron ɗan Adam. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa suna shawagi 'yan ɗaruruwan kilomita kawai a sama, alhali tsofaffin taurarin sadarwa suna wajen kilomita 36,000, shi ya sa jinkirinsa kaɗan ne. Amma kayansa da kuɗin watansa suna da tsada, babban faifansa yana cin wuta tsakanin wat 50 da 100, yana son sarari babu inuwar itace, ruwan sama mai ƙarfi kuma yakan raunana shi. Ya dace da makaranta babba, ko ma'aikata, ko wurin da turke bai kai ba sam. Gidan da 10 ta ishe shi ba ya bukatarsa.

Abin da ya faru da mutanen nan biyu

Alhaji bai sayi sabon abu ba. Muka fitar da rawuta daga ƙurya, muka kafa mata katako a saman tagar zaure, saurin turawa ya tashi zuwa 3 da magariba. Ya kuma sayi layin wani kamfani ya sa a wayarsa da 'yar data kaɗan, saboda ranar da na farko ya gaza, domin wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya san ciniki yana iya tsayawa a kan saƙo ɗaya da bai shigo ba. Bidiyon haja kuwa yanzu gajere yake ɗauka, kuma da hantsi yake turawa. A wata na biyu ya sauka zuwa tsarin da bai kai na da tsada ba, tun da ya ga bai taɓa shan rabin wancan ba.

Malam kuwa aka mayar masa da awon bidiyo 360, aka hana wayar sauke hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp da kanta, aka hana manhajoji sabunta kansu sai da izini. Karatun da yake maimaitawa aka sauke masa sau ɗaya aka ajiye a waya, maimakon a riƙa jawo shi kullum. Jikoki aka yanka musu rana ɗaya a mako. Watan da ya biyo, giga 10 ɗin nan ta kai shi ƙarshe har da saura.

To, jama'a, wanda zai sayi intanet na gida ya fara da awo a ɗakinsa, sa'an nan ya ƙidaya aikin gidansa, daga baya ya dubi farashi. Wanda ya auna a garinsu ya aiko mana da lambobin da ya samu, da sunan unguwa da lokacin awon, domin mu tara su mu buga, na Yola da Kwaido da Birnin Tudu su amfana da na juna.